Kiɗan Tashi a Ranar Tambaya

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ko kai bai ɗago ba. Shagonsa ne na ƙarshe a layin masu gyaran rediyo, ɗan ƙuƙut, wayoyi sun zubo daga rufi har suna taɓa kan mutum, shi kuma ya duƙa a kan wata lasifika da aka farke cikinta. Sai da ta maimaita sallama ya amsa a maƙoshi. Nan ta gane abin da ya sa 'yan layin suka ce mata ta nemi Shiru-shiru.

Ta sauke jaka ta fito da kaya biyu. Ɗaya baƙin akwati ne mai nauyi da 'yar tagar rubutu a gaba, wanda masu sana'ar ke kira samfila, shi ake ɗura wa sauti ya riƙe. Ɗayan faifai ne mai gidajen roba a jere, ana buga su da yatsa.

"An ce in aka haɗa su, da an bugi wannan wancan zai yi magana. Na haɗa, ya ƙi."

Ya juya bayan akwatin ya duba, gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Kin sa fita a fita."

"Yi min Hausa."

"Wannan wayar midi ce, ba sauti take ɗauka ba, saƙo take kaiwa. Faifai ne mai aike, akwati ne mai karɓa. Daga ƙofar fita ta faifai zuwa ƙofar shiga ta akwati. Ke kuwa kin haɗa masu surutu biyu, babu mai saurare."

"Ashe kana magana."

"In ta kama."

Ya sauya wa wayar rami, ya daidaita su a layi ɗaya, ya ce ta buga. Tana ɗora yatsa sai ganga ta tashi a cikin shagon, mai zurfi, mai gardi, har mai gyaran fanka na kusa ya leƙo. Shiru-shiru ya ajiye sukundireba. A lokacin ne ya dube ta sosai.

"Hannun wane ne wannan?"

"Na Babana," ta ce, ta juya baya don kada ya ga idonta.

Babanta makaɗi ne, irin wanda in ya ɗora sanda a fata ko mai fushi sai ya gyaɗa kai. Shekara da shekaru yana jan ƙungiyarsa, ƙanensa Baffa na riƙe masa babbar ganga a baya. Inji kuwa ya tsane shi kamar mutuwarsa. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa masu kiɗan latse-latse ɓarayin abincin makaɗa ne, ba zai haɗa jini da su ba. Sau ɗaya wani mai situdiyo ya lallaɓe shi ya naɗi kiɗansa, ya fito yana tsaki. Ba a jima ba ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi tare da hannu. Kansa kuma ya kama rawa ba ya tsayawa, ta yadda ba ka iya raba eh ɗinsa da a'a. Da mai situdiyon zai rufe, ya aiko wa Auta da akwatin, ya ce amanar gidansu ce a ciki.

Hannun hagun Baba ya rage, amma ba shi da ƙarfin riƙe sanda. Yatsa ɗaya kuwa yana iya dannawa, shi ya sa ta sayi faifan.

Shiru-shiru ya zo gidan da kansa ya haɗa kayan a ɗakin Baba, kusa da gado. Ya nuna wa Auta yadda abin yake: kowane gidan roba yana da lambar da yake aikawa, akwati kuma sai ya saki sautin da ke zaune a kan wannan lambar. A cikin abin da aka naɗa akwai kiɗa biyu da duk gidan suka sani. Akwai kiɗan maraba, wanda Baba kan buɗe wasa da shi. Akwai kuma kiɗan tashi, wanda in ya buga shi an gama ke nan, ko da tsakiyar wasa ne, in mai gayya ya ɓata masa rai. Tashi ya faɗa a gidan da ke kusa da hannu, maraba a can ɗaya gefen.

Baba ya juya wa kayan ƙeya ya fuskanci bango. Haka aka yi kwanaki. Wata safiya Auta na wanke-wanke ta ji ganga daga ɗaki, kwanon hannunta ya suɓuce.

Daga nan gidan ya samu baki. Umma za ta ce, "A kawo shayi?" sai maraba. "To magani fa?" sai tashi, wani lokacin har sau biyu. Umma ta yi dariyar da ta manta yadda ake yinta, ta ce, "Wannan bawan Allah, ko a ciwo ba ka daina korar mutane ba."

Shi kuwa Shiru-shiru, dubawa ta zama dalilin zuwa. Yau waya ta yi sako-sako, gobe lasifika na tsatsa, duk Auta ta san babu abin da ya samu kayan. A baki ba ya iya haɗa jimla uku, amma a waya kamar ba shi ba.

"Ƙararrawata, yau shago ya yi min shiru da yawa. Har ni na ji."

Ta mayar masa: "To mai sunan shiru ya fara ƙorafin shiru? Ka zo, Baba ya buga maka maraba jiya da ka fita, ba ka ji ba."

"Da gaske, ko dai ni ake buga wa gangar yaudara?"

"Ka zo ka ji da kunnenka, Shiruna."

Tana sonsa, ba ta ɓoye wa kanta ba. Tana son yadda yake durƙusawa gaban Baba ya yi ta ba shi labarin lasifika kamar ana amsa masa, da yadda yake naɗe waya a hankali kamar mai jin tausayinta. Amma a duk lokacin da ta raka shi ƙofa, sai ta tarar da Magaji a tsaye jikin bango.

Magaji tsohon yaron Baba ne, shi ya riƙe ƙungiyar bayan ciwo, shi ya sa sunan ya bi shi. Ya daɗe da sa wa ransa cewa ganguna da Auta duk gadonsa ne. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Murmushi kawai yake, ya ce, "Mai gyara, har yanzu ba a gama gyaran ba?"

Da maganar ta kai kunnen Baffa, ya kira Auta falo, Umma na gefe.

"Ke yanzu duk mazan duniya ki rasa wanda za ki kawo sai irin mutanen da ubanki ya yi rantsuwa a kansu? Da kunnena na ji, ba labari aka ba ni ba."

"Baffa, wancan lokacin daban ne. Shi ya mayar wa Baba baki."

"Bakin roba." Ya dubi ƙofar ɗakin yayansa. "Ni ba zan yi miki dole ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ba zan ɗaura abin da ya haramta da bakinsa ba, sai in shi ya warware. A tambaye shi a gaban mutane. Abin da ya buga, shi ke nan, babu ɗaukaka ƙara."

Umma ta ce a hankali, "Ka tuna dai abin da likita ya ce. Kada a tayar masa da hankali. In ciwon ya sake buga shi karo na biyu, ba lallai ya tashi ba."

Daga ranar maganar ba ta bar kunnen Auta ba.

Ana gobe za a zo tambaya, Shiru-shiru ya zo da la'asar. Ya lura duk lokacin da Baba zai buga maraba sai ya yi miƙa har jijiyar wuyansa ta tashi, ga shi gobe a kujera za a zaunar da shi, faifai a kan tebur.

"Baba, bari in musanya maka. Maraba ta dawo nan kusa, tashi ya koma can. Kada ka wahala."

Ya shiga latse-latsensa, ya sauya wa gidajen biyu lamba. Baba ya danna na kusa, maraba ta fito. Ya sake dannawa. Auta ta shigo da ruwa a kofi, ta ce, "Wato har ka fara saye alƙali." Ya yi dariya har ruwan ya sarƙe shi, ta tsaya tana masa sannu tana tsokanarsa, aka kira salla, ya fita da sauri. Su uku kaɗai suka san an yi musanyar.

Washegari da hantsi falo ya cika. Magaji, da ba a sa shi ba, ya zare kayan daga wuta ya fito da su, ya jona a falo. Aka ɗauko Baba aka zaunar. Auta da Umma na bayan labule, ba sa ganin komai, sai ji.

Kawun Shiru-shiru ya yi bayani mai daɗi. Baffa ya gyara murya.

"Yaya, ka ji abin da ya kawo su. Suna nema wa ɗansu Auta. Ka ba su?"

Sai ganga ta tashi, kuma kiɗan tashi ne.

Auta ta riƙe hannun Umma. Aka sake buga shi. Aka sake, da sauri, wani kan wani, har sautin na cin karo da kansa. Ta ji wani gurnani daga maƙogwaron Baba wanda ba ta taɓa ji ba, ta ji muryar Shiru-shiru yana cewa, "Ku bari in duba, don Allah ku bari," Baffa na cewa, "Kada ka taɓa." Sai ƙarar tebur, sai faɗuwar abu mai nauyi.

Da ta yaye labulen, Baba na ƙasa, hannunsa na hagu a miƙe, idonsa a buɗe ba ya ganin kowa.

A barandar asibiti Magaji ya zauna nesa da ita kaɗan, ya ce, "Kin gani ko? Har yunƙurawa ya yi zai ture abin. Mutum ya ce ba ya so, an dage sai an kashe shi." Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ta san wannan, amma maganar ta shige ta.

Wayarta ta yi ƙara, saƙon Shiru-shiru ne.

"Laifina ne. Na musanya lambobin ban danna madannin ajiya ba. Da aka zare wuta faifan ya manta, ya koma yadda yake da. Gidan da ke kusa Baba ya danna, ina kallo. Maraba yake nufi. Da ya ji ba ita ba ce ya miƙa zai kai ga na can, shi ne ya faɗi. In wani abu ya same shi, ban san da wane ido zan dube ki ba."

Ta karanta har sau nawa, sannan ta je ta samu Baffa ta gaya masa komai. Ya saurare ta har ta gama, idonsa jawur.

"Na kusa ya danna?"

"Eh."

"Auta, tun da aka kawo abin nan gidan nan, na kusa tashi ne. Uwarki ta sani, na sani, har kajin gidan sun sani. Yanzu don amsa ba ta yi wa yaro daɗi ba, sai a ce an musanya jiya? Wanda ya haɗa wa mutum baki ai shi ke zaɓa masa magana. In na bar shi ya gyara, gobe ya sa yayana ya ce ya ba shi gidan ma."

Abin da ya fi tsorata ta shi ne ita ma ba ta da tabbas. Musanyar yini ɗaya, a kan mutumin da ciwo ya taɓa wa kai. In ya tuna, eh ya ce. In ya manta, to da gangan ya kore su, kuma ita ta tura ubanta ƙasa da taurin kanta. Yatsa ɗaya a gida ɗaya, amsa biyu, ga shi sake tambayar na iya zama ajalinsa.

Ta rubuta masa: "Na yarda ka musanya, ai ina wurin. Amma ban san abin da ke ransa ba. Kada ka zo."

Ya amsa: "Ba zan zo ba sai shi ya kira ni. In bai kira ba, Allah ya ba ki wanda zai buga wa maraba. Ki ci abinci, Ƙararrawata."

Baba ya farfaɗo, aka dawo da shi gida, amma rabinsa ne ya dawo. Ya rame, numfashinsa na fita da 'yar ƙara. Baffa ya sa aka ɗora akwati da faifai a kan wadurof, ya ce duk wanda ya sauke su ba da yawunsa ba. Gidan ya koma yadda yake da, har ya fi. Umma na tambaya, "A kawo shayi?" sai ta tsaya da kofi a hannu tana jiran abin da ba zai zo ba. Baba ya daina karɓar abinci. In an kai cokali sai ya datse haƙora, idonsa a saman wadurof.

Magaji kullum yana gidan, yau lemo, gobe ayaba. Ya fara zama a kujerar da Baffa ke zama.

Wata rana da azahar Auta na gyara masa bargo, sai ta ga yatsunsa na motsi. Da ta ɗauka rawar ciwo ce. Da ta tsaya ta duba, sai ta ga ba haka ba ne, akwai tsari. Yatsa uku ne ke aiki, ba ɗaya ba. Watannin da ya yi yana danna roba sun dawo masa da abin da babu wanda ya lura, amma bargo ba ya amsawa.

Ta daɗe a tsaye. Ta tuna maganar likita, ta dubi ƙasusuwan wuyansa. Ta ga in ta bar shi haka ma tafiya zai yi, da maganarsa a ciki. Ta jawo kujera ta taka.

Baffa ya shigo ya same ta da faifan a hannu.

"Me na ce?"

"Ka ce wanda ya haɗa baki shi ke zaɓar magana, Baffa. Ga shi, babu haɗi." Ta zare wayar midi ta miƙa masa a hannu, ta zare ta wuta. "Akwatin na can sama. Wannan yanzu roba ce kawai."

Ta ɗora faifan a kan cinyar Baba, ta ɗauki hannunsa ta aza. Ba ta tambaye shi komai ba, don tsoro ya hana ta. Umma ta tsaya a bakin ƙofa, Magaji a bayanta.

Da farko babu abin da ya faru. Sai yatsa ya sauka, tab. Sai wani. Sauti ne marar daɗi, kamar ɗigon ruwa a bokitin roba, yana tafiya yana tuntuɓe, ya tsaya, ya sake farowa. Gumi ya tsatso a goshin Baba, numfashinsa ya yi sama. Umma ta ce, "A bar shi haka," amma ba ta matso ba. Auta ta kasa kunne iya ƙarfinta. Ba maraba ba ne. Ba tashi ba ne kuma. Ba ta taɓa jin wannan kiɗan ba.

Magaji ya ce, "Hannun ne kawai ke rawa."

"Yi mana shiru," in ji Baffa.

Auta ta waiga. Baffa ya zauna a bakin gado bai sani ba, wayar na cinyarsa, tafin hannunsa na dukan gwiwa a hankali, yana cike gurbin da yayansa ke bari. Umma kuwa ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na girgiza.

Da yatsun suka tsaya, Baffa ya ɗago.

"Wannan ba ya cikin akwati," ya ce. "Ba a taɓa buga shi a wasa ba. Ranar da kakanki ya ce ya ba shi uwarki, bayan ya gama wahalar da mu don mu makaɗa ne, a hanyar komawa ya ƙirƙiro shi, a kan murfin tukunya. Ni da shi da ita kaɗai muka san shi." Ya share fuska da hannun riga. "Yaya, na ji. Ka yafe min, na tsare maka baki da tsohuwar maganarka."

Ya dubi Auta. "Kira yaron."

Ta ɗauko waya ta rubuta: "Ya kira ka."

Amsar ta zo nan take: "Ina bakin layinku. Kullum nan nake wuni."

Ba a ja lokaci ba, don kowa na ganin jikin Baba ko da ba a faɗa. Aka ɗaura aure a cikin 'yan kwanaki, babu taron a zo a gani. Magaji ya zo, ya yi addu'a tare da mutane, ya tafi kafin a raba abinci.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, aka shigo da su biyun ɗakin Baba suka durƙusa a gaban gado. Shiru-shiru ya fara neman gafara, sai hawaye. Baba ya yi yunƙurin ɗaga hannu, hannun ya ƙi tashi daga bargo. Baffa ya kama shi ya ɗaga masa, ya aza a kan ango, sannan ya aza a kan Auta, ya riƙe shi a nan, ya yi musu addu'a a madadinsa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa in ɗaya na magana ɗaya ya saurara. Allah ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku, ya sa ku ga tsufan juna."

Ɗakin ya amsa da amin. Hannun ba shi da nauyi ko kaɗan, ga sanyi, har Auta ta ji tsoron ɗagowa ta dube shi. Tana nan sunkuye sai ta ji yatsun na motsi a kan mayafinta, a hankali, suna ci gaba da kiɗan.